Ƙarar da ta biyo ni daga Zariya har Ƙofar Ruwa

Na bar Zariya ranar Alhamis da sassafe, domin washegari za a ɗaura auren 'yar yayata a Gwammaja. Motata Golf 3 ce, ƙirar 1996, ta daɗe a hannuna har na san kukanta kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Shi ya sa tun kafin Kwanar Dangora hankalina ya ƙi kwanciya. Duk ramin da tayar gaba ta faɗa sai in ji "ƙwas" daga ƙasa, ɓangaren dama. Da na wuce Chiromawa wata akuya ta gifta, na taka birki, sai motar ta fizgi sitiyari ta nufi gefen titi. A nan gabana ya faɗi. Gonakin shinkafar Kura da na saba ragewa in kalla, ranar ko waiwayarsu ban yi ba.

Da na shigo ta Na'ibawa ban nufi gida ba. Na bi titin Zariya, na ratsa cunkoson 'yan adaidaita sahu, na fita ta Ƙofar Mazugal zuwa Ƙofar Ruwa, inda kayan mota suke jibge rumfa bayan rumfa. A bayan kasuwar akwai wani dattijon bakanike da wani abokina ya taɓa kai ni wurinsa.

Muka gaisa, na ce, "Baba, shakazoba ce ta mutu, a canza mini."

Ya ce, "Alhaji, bari motar ta faɗa da bakinta tukuna."

Ya danna gaban motar da ƙarfinsa ya saki, ta taso ta tsaya cak, ba ta yi lilo ba. Ya duba jikin shakazobar, babu yoyon mai. Sannan ya sa yaronsa ya ɗaga ta da jak, suka tokare ta. Ya kama tayar sama da ƙasa ya jijjiga, shiru. Ya kama ta hagu da dama, nan ma shiru; wato boljoyin, gaɓar da taya ke juyawa a kanta, da tayarod, sandar da ke haɗa taya da sitiyari, ba su da laifi. Sai ya shafa cikin tayar da tafin hannunsa, ya kamo nawa hannun ya ɗora a wurin. Gefen ciki ya cinye sumul, na waje kuwa zanensa na nan.

Daga nan ya ɗauko dogon ƙarfe ya zura tsakanin lowa'am, wato hannun ƙarfen da ke riƙe tayar daga ƙasa, da jikin motar, ya ɗan banƙara. Ya ce in sunkuyo. Da fitilar wayata na ga abin: bushin na baya, robar nan mai faɗi da ke zagaye da ƙaramin bututun ƙarfe, ta tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara, ta rabu da ƙarfen da aka manna ta a kai. Ga baƙin mai ya jiƙa ta. Ya ce zafi da shekaru suna busar da roba, man inji kuma idan yana ɗiga a kanta sai ya ruɓar da ita. Aikinta ta riƙe hannun tayar a inda yake, ta shanye girgizar hanya. Da ta saki, taya sai ta riƙa ja baya duk lokacin da aka taka birki. Abin da ya fizge ni a Chiromawa ke nan.

Na so a canza na dama kaɗai. Ya ƙi, ya ce tare suka tsufa. A kasuwa wani ya yi mana tayin lowa'am ɗan Beljiyam, Baba ya juya shi ya nuna mini robarsa ita ma ta fara fashewa. Muka sayi sababbin bushin huɗu, biyu kowane ɓangare.

Abu biyu na gani da suka sa na ƙara ganin girmansa. Bai yarda a buga sabon bushin da guduma ba, yadda na sha gani ana yi. Sai da aka kai wurin mai injin matsawa, ya tsaya a kansa ya daidaita fuskar robar yadda tsohuwar take kafin a danna. Da aka mayar da lowa'am kuma, yaron ya ɗauko sufana zai ƙulle, sai ya daka masa tsawa: "Kai, sauke ta tukuna!" Sai da nauyin motar ya hau tayoyinta sannan ya kwanta a ƙasa ya ɗaure notin bushin na gaba da kansa. In an ɗaure tana sama, in ji shi, da an sauke robar za ta zauna a murɗe, ba za ta daɗe ba ta yage.

Muka yi la'asar tare, ya tura ni wurin masu alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, ya ce kada in hau babban titi ban yi ba, in kuma nemo inda man yake ɗigowa.

Ana kiran magariba na shiga lungun gidan yayata. A bakin lungun akwai wata kwata da kowace mota sai ta faɗa. Na kashe rediyo, na sauke gilas, na shiga a hankali. Ban ji komai ba sai guɗar mata daga cikin gida.