Darɓa Da Cututtukan Da Take Kai Wa Alkama, Masara Da Dawa

Da sanyi ya kankama, za ka ga manoman alkama daga Kadawa, Kura da Bunkure suna shigowa Kano da ƙorafi guda: ganye ya yi ɗorawa, shuka ta tsumbure. Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne buhun yuriya. Wani lokaci yunwar taki ce da gaske. Wani lokaci kuwa aikin darɓa ne, ko nawa ka zuba taki ba za ta farfaɗo ba.

Darɓa ita ce ƙananan ƙwarin nan masu laushin jiki, kore ko baƙi-baƙi, da ke cunkushewa a bayan ganye suna fitar da ruwa mai danƙo kamar zuma. Tsotson da take yi ɓarna ce, amma wadda ta fi ita ce ƙwayar bairos da take ɗauka daga wannan shuka zuwa waccan.

Wadda ta fi shahara a alkama da sha'ir ita ce cutar ɗorawa da tsumburewa, wadda aka fara ganowa a Kalifoniya ta Amurka a 1951. Sai darɓa ta yi sa'o'i tana tsotso kafin ta ɗauke ta, amma da ta ɗauka tana tare da ita har ta mutu. Alamar kan bayyana bayan mako biyu zuwa uku. Ɗorawar kan fara daga tsinin ganye ta gangaro, wani lokaci da ja-ja, kuma a gona za ka gan ta tsibi-tsibi, nan da can, inda ƙwarin suka sauka. Yunwar taki kuwa daga tsofaffin ganyen ƙasa take farawa, ta game fili kusan bai ɗaya. Cutar ɗorawar ba ta bin iri, don haka kada a ɗora wa mai sayar da iri laifi.

Ta masara, dawa da rake dabam take. Ganyen kan yi dabbare-dabbare, kore mai haske da mai duhu. Darɓa na ɗaukar wannan cikin daƙiƙoƙi, da ɗanɗana ganye kawai, ta zubar a shuka ta gaba. Shi ya sa feshi ba ya wani tasiri a kanta: kafin magani ya kashe ƙwaron, ya gama aika-aikarsa. A nan tsafta ce magani. A tuge gyauron dawa da ciyayin bakin kwalbati, a cire shukar da ta kamu tun tana ƙarama, kada kuma a shuka masara a gindin tsohon rake mai cuta.

A alkama, kwanakin farko su ne komai, domin wadda ta kamu tana jaririya ita ce ke tsumburewa ƙwarai. A wanke iri da maganin da ke ɗauke da imidacloprid ko thiamethoxam, a shuka tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba. Daga tsirowa, duk mako a ratsa gonar, a tsaya wurare biyar, a juya ganyen shuka goma a kowane wuri. In an ga darɓa tana taruwa, a yi feshi da sassafe ko da yamma, da ma'aunin da ke jikin kwalba, ruwan kuma ya taɓa bayan ganye. Masu ƙara murfi guda "don ya yi ƙarfi" asarar kuɗi suke yi, suna kuma kashe jan buzuzun nan mai ɗigo-ɗigo da ke cinye darɓa kyauta.

Masarar da ganyenta ya yi zane-zane dogaye farare kuwa ba darɓa ba ce, wani ƙaramin ƙwaro mai tsalle ne ke kawo ta. Maganinta iri mai jurewa, irin waɗanda cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa. In abin ya rikice maka, ka tugo shukar da saiwarta ka kai wa malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano, ya duba kafin ka sayi komai.