Daga Tukunyar Goggo zuwa Tudun Weihenstephan

Na bar Jos da asubahin wata Talata a farkon watan Satumba, lokacin da damina ba ta gama tattara kayanta ba, hazo kuma ya rufe Hawan Kibo har direbanmu ya koma tafiyar hawainiya. Muka bi ta Akwanga da Keffi muka shiga Abuja, na kwana a jirgi, gari ya waye mini a Frankfurt, daga nan jirgin ƙasa ya kwashe ni sama da awa uku zuwa Munich, sannan wani ya ƙarasa da ni Freising, ƙaramin garin da ke arewa da birnin, inda zan yi karatun digiri na biyu a fannin aikin gona. A cikin akwatina akwai acca da kuka da daddawa da yaji, duk Goggo ce ta ƙulla mini su, ita da ta riƙe ni tun ina aji biyu na firamare bayan rasuwar mahaifina.

Dole in faɗi sana'ar Goggo tun yanzu, domin ita ce ta bi ni har Jamus. Burukutu take dafawa a bayan gidanmu da ke Tudun Wada, kuma da kuɗinsa ta biya mini makaranta. Duk da haka na girma ina ɓoye maganar, saboda a cocinmu ana kallon mai dafa giya da mai shanta da ido ɗaya, abokaina Musulmi kuwa ba na ma kusantar zancen da su. Idan aka tambaye ni a makaranta, sai in ce tana sayar da hatsi, wanda ba ƙarya ba ce tsagwaronta, tun da dawa ce jarinta.

Makonnin farko sun tafi ne a kan takardu. Doka ta ce wanda ya kama ɗaki ya je ofishin gari ya yi rajistar adireshinsa cikin mako biyu, da takardar shaida daga mai gida, kuma sauran al'amura da yawa suna jiran wannan rajistar. Na yi ta yawo da jakar takardu kamar malamin haraji. Ranar Lahadin farko na fita cefane na tarar kantuna a rufe ƙirif, na dawo na dama acca na sha babu ko sukari. Daga baya na gane cewa ko a ranakun aiki, a jihar Bavariya ƙarfe takwas na dare ake rufewa. Mu mutanen Jos muna tinƙaho da sanyi a gaban Kanawa da Sakkwatawa, muna cewa garinmu yana bisa tudun da ya haura mita 1,200, amma kafin Oktoba ta ƙare na daina wannan alfahari. Abin da ya fi sanyin ciwo shi ne shiru. Maƙwabci zai ce maka "Grüß Gott" a bakin ƙofa ya wuce, babu ina gajiya, babu ya iyali, babu ya kwanan baƙunta, har na kan kwana biyu ban yi maganar da ta wuce ta waya ba.

Wata Asabar na shiga Munich neman naman kirki a shagunan Turkawa da ke kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, ina cikin waya da Goggo sai wani mutum ya dafa kafaɗata ya yi mini sallama da Hausa. Bakano ne, ya girme ni da 'yan shekaru, yana karatun digiri na uku, kuma shekararsa ta huɗu ke nan a birnin. Ya ji labarin kaɗaicina, ya yi dariya, ya sayi gurasa da gasasshiyar kaza da tumatir, ya ce in biyo shi. Sai ga mu a cikin babban lambun shaƙatawa da ake kira Englischer Garten, a gindin wata hasumiyar katako mai siffar ginin Sin, inda dogayen tebura da bencina suke ɗaukar mutum wajen 7,000, kusan kowa da tulun gilashi na giya a gabansa.

Na tsaya turus, na ce, "Malam, kai da ba ka sha, me ya kawo ka mashaya?" Ya ce, "Ɗan Jos, a garin nan in ka ce sai inda babu giya za ka zauna, to a ɗaki za ka tsufa." Ya karɓo Spezi, wato lemon kola da aka gauraya da na lemu, ya kuma bayyana mini cewa ko giyar da aka rubuta wa "babu barasa" ba ya taɓawa, domin doka ta yarda a kira ta haka ko da akwai ɗan abin da bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Ya ƙara da cewa yana da abokai da ba sa taka wurin sam, kuma bai ga laifinsu ba.

Abin da na gani a wurin bai yi kama da mashayar da na sani ba. Tsofaffi ne da jikokinsu, mata da kekunan jarirai, ma'aikata da ɗalibai, wata dattijuwa ta shimfiɗa ƙyallen tebur da ta zo da shi daga gida tana jera cuku da farin radish da ta yanka siriri. Baƙo yakan tambaya ko akwai wuri, ya zauna kusa da wanda bai taɓa gani ba, kuma kafin a kai baki sai an haɗa kofuna an ce "Prost" ana kallon juna ido cikin ido. Wani tsoho da ya ga muna buɗe kazarmu ya ba ni tarihin wurin ba tare da na roƙa ba, daga baya kuma na tabbatar da shi a karatu. A da an hana dafa giya a Bavariya tsakanin 23 ga Afrilu da 29 ga Satumba, saboda haka masu dafawa suka haƙa ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa suna ajiye ta da ƙanƙara, suka zuba tsakuwa a sama, suka dasa itatuwan Kastanie masu faɗin ganye domin inuwa. Jama'a suka fara zama a gindin itatuwan suna sha, masu gidajen abinci suka yi ƙorafi, sai Sarki Maximilian na Ɗaya ya yanke a 1812 cewa a sayar da giya da burodi a wurin, amma ban da sauran abinci. Wannan ne ya sa har yau mutum yake da ikon zuwa da abincinsa, muddin abin sha ya saya a wurin. A wannan teburin na yi hirar farko mai tsawo da Bajamushe, da guntun Jamusancina da nasa guntun Turancin, kuma a raina na sa wa wurin suna majalisa.

Sashen jami'ar da nake karatu yana kan tudun Weihenstephan, kuma a kan tudun ne ake da gidan dafa giyar da ke cewa ya faro tun 1040, ya kuma ɗauki kansa mafi tsufa a duniya cikin waɗanda ba su daina aiki ba. Asalinsa gidan zuhudu ne na Katolika, sai a 1803 ya koma hannun gwamnati. Na jinjina wannan magana a raina, wai masu ibada ne suka raini sana'ar da ake hana Goggo kujerar gaba a coci saboda ita. A nan kuma dafa giya fanni ne da ake ba da digiri a kansa.

Ranar da aka zagaya da mu, malamin ya fara bayani a kan yadda ake jiƙa sha'ir, a shanya shi ya tsiro, a busar da shi, a niƙa, a dama da ruwan zafi har garin ya saki zaƙinsa, a tace, a tafasa, a bari ya huce, sannan a zuba yis. Tun kafin ya kai rabi na ji ƙamshin bayan gidanmu. Haka Goggo take jiƙa dawa a randa, ta baza ta a ƙasa ta rufe tana yayyafa ruwa har tsiro ya fito, ta shanya a rana, ta aike ni inji in niƙo, ta kwana tana juya tukunya da muciya, hayaƙi yana cin idonta. Abin da shi yake aunawa da na'ura, ita da yatsa da harshe take aunawa, kuma yis ɗinta shi ne ragowar dahuwar da ta gabata. Na ɗaga hannu na ce a ƙasarmu da dawa ake yi, sai ya ce ya sani, har ya tuna mini cewa bayan da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya ma dawa suka koma wa. Ban san lokacin da na ce a gaban 'yan ajinmu, "Goggota ma sana'arta ke nan" ba, kuma wannan ne karo na farko da na faɗa a bainar jama'a.

Bambancin da ke tsakani yana cikin wani fure da suke kira Hopfen. Tsiro ne mai yaɗo da ake ɗora wa wayoyi masu tsayin da ya kai mita bakwai, gonakinsa kuma sun cika yankin Hallertau da ke arewa da Freising. Shi ke ba giyarsu ɗaci, shi ne kuma ke taimaka mata ta daɗe ba ta lalace ba, alhali burukutu tsami ne da shi, kuma in ya kwana biyu sai a zubar ko a ba aladu. Dokar da Duke Wilhelm na Huɗu, mai mulkin Bavariya a lokacin, ya kafa a Ingolstadt a 1516 ta ce da ruwa da sha'ir da wannan furen kaɗai za a dafa, ba ta ambaci yis ba. A cikin abin da na ɗanɗana, giyar alkama ce ta kwanta mini, mai duhu-duhu da kumfa, wadda ƙamshinta yake kama da na ayaba, wataƙila don ita ce ta fi kusa da abin da na saba gani a ƙoƙo.

Bikin Oktoberfest kuwa sau ɗaya na je, kuma ya ishe ni. Ya samo asali ne daga bikin auren Yarima Ludwig da Gimbiya Therese a 1810, ana fara shi a Satumba, mutum wajen miliyan shida ke halarta, kuma giyar gidaje shida na Munich kaɗai ake sayarwa, a tulun lita guda. Kiɗa da kayan gargajiya sun burge ni, amma da yamma na ga manyan mutane kwance a kan ciyawa ba su san inda kansu yake ba, ana ɗauke wasu a gadon marasa lafiya. Buguwa dai iri ɗaya ce, ko a Tudun Wada ko a Munich, kuma Malam da ya ƙi raka ni ya fi ni gaskiya a ranar.

Na dawo Jos hutun Kirsimeti bayan wata goma sha biyar, na iske Goggo a bayan gida tana juya tsiro a kan tabarma. Na miƙa mata ƙullin busasshen furen da na sayo, na ba ta labarin tudun da malamin da tukwanen ƙarfe da suka fi ɗakinta girma. Ta murza ɗaya a tafin hannu, ta sansana, ta ɗan taɓa da harshe, nan take ta tofar ta ce, "Ɗana, wannan ai ƙanen maɗaci ne, su da kuɗinsu suke sayen ɗaci?" Na ce mata shi ke sa tasu ta yi watanni ba ta lalace ba. Ta yi shiru tana jujjuya furen, sannan ta ce nata ba ya kwana domin masu sha ba sa bari ya kwana. Ta zuba sauran a gwangwanin madara ta rufe, ta ɗora a kan taga, ta ce tun da har jami'a aka koya mini, in tuɓe rigar sanyin nan in zo in kama mata buhun mu kai inji kafin a ɗauke wuta.