Godiyata bayan bikin 'yata

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an kai amarya daren Lahadi lafiya. Sai yau kumburin ƙafafuna ya sauka har na samu na zauna na riƙe waya. Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa su ɗaya bayan ɗaya, ku yafe mini.

Kun san sau biyu ana ɗaga ranar nan, kun kuma ji maganganun da suka biyo baya. Ba zan tada su ba, sun wuce.

'Yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa, balle in zauna ina ba da labarinta a bainar jama'a. Yau dai ku yi mini uzuri. Tana da shekara 4 sanƙarau ɗin nan na 2009 ya kwantar da ita. Da ta tashi muka yi ta murna, sai wata safiya na kira ta tana ba ni baya, na sake kira, ba ta waiwayo ba. Tun daga ranar, duk bikin da aka yi a danginmu wuri ɗaya take zama: gefen tabarma, an miƙa mata jaririn wata ta riƙe, tana bin bakin mutane da ido. Abin da ya hana ni barci a makon biki ke nan, kada a nata bikin ma ta zama 'yar kallo.

Ranar yini bayan la'asar masu kiɗan ƙwarya suka kafa kayansu a tsakar gida. Aka fara, mata suka miƙe, guɗa ta tashi, ana ta liƙi. Na leƙo daga ɗaki na hango ta cikin lulluɓi, hannu ya sha lalle, tana zaune shiru kamar kullum. Wallahi gwiwata ce ta yi sanyi, sai da na dafa ƙyaure.

Sai tsohuwar da ke jagorantar kiɗan ta ɗaga hannu aka tsaya. Ta taso da kanta, ta kamo hannun amarya ta zaunar da ita gaban ƙwaryar da aka kife a kan ruwa, ta ɗora tafin hannun yarinyar a bayan ƙwaryar, sannan ta ɗauki sandunanta ta fara bugawa a hankali. Na ga yarinyar ta zabura, ta kalli ƙwarya, ta kalli tsohuwa. Can sai kafaɗarta ta fara motsi daidai da bugun. Da ta miƙe ta taka, ƙawayenta kurame suka zagaye ta suna kaɗa hannuwa sama, irin tafinsu, sai ga gidan gaba ɗaya an daina tafi an ɗaga hannuwa, har da tsofaffin da ba su san ma'anarsa ba. Ni da ya kamata in ɓuya a ɗaki don kunya, a tsakiyar fili aka tsince ni ina kuka. Iya mai kiɗa, ban taɓa ganinki ba sai ranar. Allah Ya faranta miki yadda kika faranta mini.

Malamarta ta makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano, wadda ta koya mata rubutu da maganar hannu, ta kuma jure koya mini duk da kaina ya riga ya taurare da girma, kwana uku ta yi a gidanmu tana yi mana fassara, ko kuɗin mota ta ƙi karɓa. Malam liman na unguwarmu, da ya ce ba zai ɗaura ba sai an tambayi yarinya yardarta da harshen da take magana da shi, ya tako har zaure daren Juma'a ya jira aka fassara masa amsarta: Allah Ya ƙara wa Malam daraja.

Abokiyar zamana kuwa, na san ba a saba mace ta fito ta yabi kishiya ba, to ni na yaba. Ita ta ɗauki jere a kanta, ita ta kwana a bakin murhu, ita ta tare ƙofa lokacin da wata ta fara zancen “kurma da kurma yaya za su yi da 'ya'ya”. Yaya, Allah Ya nuna mana na naki yaran, in tsaya miki kamar haka.

Surukaina, na gode da karamci. Ƙanwar amarya ta ba ni labarin sayen baki, wai abokan ango masu ji sun yi sati suna koyon gaisuwa da hannu don kada a yi cinikin ba da ita ba. Allah Ya yi wa yaran nan albarka.

Akwai waɗanda jini ya haɗa mu, muka shimfiɗa musu tabarma har aka naɗe ba su iso ba. Na ga saƙon waya, na gode. Amarya dai ta tambaye ni baffanninta, na ce mata hanya ce ta yi nisa.

Ya Allah Ka ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ka rufa wa duk wanda ya taka ƙafarsa asiri duniya da lahira, Ka biya wanda ya ba da kuɗinsa da wanda ya ba da ƙarfinsa da wanda addu'a kawai ya iya. Ka jiƙan iyayenmu. Uwar da ke da yaro irin tawa tana kwana da tunanin ranar aurensa, Ya Allah Ka nuna mata irin ranar da Ka nuna mini.

A cikin hidima masu kiɗan suka tafi ban sallami Iya da bakina ba. Don Allah wadda ta gayyato su ta yi mini magana, akwai turmin atamfa da na ajiye mata, kuma da ƙafata nake so in kai.