Godiya ga waɗanda suka riƙe mana fitilu daren Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Alhamdulillahi wasan kwaikwayonmu na ɗan ci-rani ya wuce lafiya, mun gode wa duk wanda ya baro gidansa ya zo gidan matasa, daga Birni, Zango, Sabon Gari har da waɗanda suka taso tun daga Mirriya. Ƴan wasa sun sha tafi kuma sun cancanta, amma ni yau godiyata ta mutanen bayan fage ce, masu fitilu, waɗanda ba wanda ya ga fuskarsu.

Labarin shekara guda ne cur, daga kaka zuwa damina, kuma kuɗin canza kayan fage babu, katanga ɗaya ce da turmi da tabarma. To fitila ce ta ɗauki nauyin komai. Halojen shida masu wat 500 da LED biyu na aro, shi ke nan abin da muke da shi.

Babban yayanmu mai gyaran kuran, wato wutar lantarki, Allah ya saka maka da alheri. Kai ka nuna mana cewa ba kala kaɗai ke faɗin lokaci ba, inda haske ya fito shi ne magana, in ka sa fitila ƙasa-ƙasa daga gefe inuwa ta yi tsawo to hantsi ne ko la'asar sakaliya, in ka sako fari tas daga sama inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafa to rana ce tsaka ta bazara, wallahi da ka kunna wannan na ga mata a gaba suna fifita da mayafi alhali dare ne. Kuma kai ka hana mu liƙa leda mai kala a bakin halojen, ka ce narkewa za ta yi, ka je ka samo mana jelatin mai jure zafi, shuɗi da ruwan goro.

Inna mai turare, mun gode da kaskon turaren wuta. Hayaƙin nan da ya ratsa farin haske shi ya ba mu hazon hunturu, irin wanda ke rufe duwatsun Birni da safe.

Baba manomi da ya zo kallon gwaji, kai kam ban san da wane baki zan gode maka ba. Mun rataya reshen gawo mai ganye gaban fitila don inuwarsa ta faɗi kan katanga a fitowar damina, ka ce a'a yarana, gawo da damina yake kaɗe ganye, da rani yake yin kore. Muka sauya, mai ganye ya koma rani, busasshe ya koma damina. Kai ne kuma ka ce hadari daga gabas yake tasowa, sai muka maida shuɗi mai duhun can ɓangaren. Dattawan da suka zo sun lura, har ɗaya ya tare ni a ƙofa yana zancen gawon nan.

Ƙannena biyu da ke kan makunni, ɗaya na rage ruwan goro a hankali ɗaya na ƙaro shuɗi har magariba ta faɗi ba wanda ya ji lokacin da ta shigo, hannunku ya yi kyau. Daren ma ba ku sa duhu ƙirin ba, kun bar shuɗi kaɗan ana ganin fuskar uwar tana kuka. Da wuta ta ɗauke ana tsakiyar fitowa ta uku ba ku ruɗe ba, mai gurup, wato injin ba da wuta, ya tada shi nan take, Alhaji da ya ba mu aronsa har da man ciki bai karɓi ko dala ba, Allah ya ƙara buɗi.

Kayan aro duk za mu maida su gobe in sha Allah, wanda ya bar rallonji, wato wayar jona wuta, baƙi mai baki huɗu ya neme ni yana wurina. Allah ya bar zumunci, ya saka wa kowa da alheri.