Daga Memfis zuwa Nashbil ina bin sawun sautin jita

Shekara tara ke nan ina kaɗa jitar lantarki, kuma abin da ya fi damuna duk tsawon lokacin nan shi ne in kaɗa abu a ɗaki ya yi daɗi har tsikar jikina ta tashi, in ɗauka a kwamfuta in kunna sai in ji wani siririn sauti kamar sauro ya shiga gwangwani. Na canza tsirkiya, na canza feda, wato 'yar na'urar da ake takawa don sauya sauti, na sayar da jita na sayi wata, duk kanwar ja ce. To da na samu hutun kwana huɗu a wajen yayana da ke aiki a Memfis ta jihar Tenesi a Amurka, tun a filin jirgi na ce masa Yaya ni fa wuri biyu nake so ka kai ni, wurin ɗaukar waƙa na Sun Studio da birnin Nashbil, in ka yi min wannan ka gama min komai. Ya yi dariya ya ce kai dai har yanzu kana nan da jitar nan taka, Allah ya kai mu gobe.

Washegari da hantsi muka isa lamba 706 a titin Union. Wallahi da ba don ƙatuwar jitar da aka rataya a gaban ginin ba za ka iya wucewa ba ka lura ba, ɗan ginin jan bulo ne a kusurwa. Nan Sam Phillips ya buɗe wurin ɗaukar sautinsa a 1950. Da aka shigar da mu ainihin ɗakin ɗaukar sai na yi tsit, saboda ƙanƙantarsa, bango da silin duk farin allo ne mai ƙananan huji da ke shanye ƙara, silin ɗin ma ba a miƙe yake ba an yi shi hawa da gangara don kada sauti ya riƙa dukan sama da ƙasa yana dawowa. Na faki idon mai zagayawa da mu na tafa hannu sau ɗaya, tafin ya dawo min nan take gajere, a bushe amma da rai. Tun daga nan na fara zargin cewa ɗaki ma kayan kiɗa ne.

A ɗakin nan aka ɗauki waƙar "Rocket 88" a watan Maris na 1951, da ƙungiyar Ike Turner da suka taso daga Clarksdale ta jihar Misisifi a mota, Jackie Brenston ya rera. Amfilifayar mai jitarsu Willie Kizart, wato akwatin da ke ƙara wa jita ƙarfin sauti, ta lalace a hanya, wasu sun ce faɗowa ta yi daga kan motar wasu sun ce ruwa ne ya jiƙa ta, abin da aka haɗu a kai dai shi ne takardar sifikar ta samu matsala. Ba lokacin gyara, ba wata amfilifayar, sai Phillips ya cusa takarda a ciki don ta tallafe sifikar, aka kunna, jita ta fito da wani gurnani mai kaushi kamar ana kekketa yadi. Wani injiniyan da cewa zai yi a dakata a nemo mai lafiya. Shi ya saurara ya ce a ɗauka haka. Ina tsaye a wurin ina ta juya wannan a raina, sifika kullum tana fashewa a duniya, amma kunnen da zai ji fashewar ya ce wannan ai kiɗa ne, shi ne ba kullum ake samu ba.

Abu na biyu da na ɗauko a ɗakin shi ne maganar eko, wato amsa-kuwwa. Duk wanda ya saurari faifan Elvis Presley na 1954 da 1955 ya san yadda jitar Scotty Moore ke ɗan maimaita kanta sau ɗaya, tas-tas, kamar ka mari bango ya rama. Da injin tef guda biyu na Ampex Phillips yake yin wannan, sauti ya bi ta ɗaya, tazarar da ke tsakanin kan da ke rubutawa da kan da ke karantawa ta jinkirta shi kaɗan, abin da bai fi ɗan ɗoriya a kan kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, sannan a haɗa shi da na asali. Wato abin da mutane suka ji a rediyo suka ce sautin Scotty ne, a cikin ɗakin ma ba haka yake fita ba, a bayan gilashi aka ƙera shi. Scotty kansa sai da ya sayi amfilifaya mai tef a cikinta, EchoSonic ta Ray Butts, kafin ya iya kai wannan sautin kan dandamali.

Ranar ta biyu da asuba muka kama babbar hanya I-40 muka yi gabas, kilomita wajen 340, tafiyar awa uku da 'yan kai. Hanya ce miƙaƙƙiya, itatuwa dama da hagu, tireloli ba iyaka, muka wuce garin Jackson ruwan sama ya sauko muka rage gudu. A nan Yaya ya yi min tambayar da na san tana cinsa tun jiya, ya ce wai tsaya ƙanina, kana nufin mutane na kashe kuɗi ne don su sayi sautin lalataccen abu? Na ce ƙwarai kuwa Yaya, har da masu lalatawa da hannunsu. Link Wray da fensir ya huda sifikarsa a 1958, Dave Davies na ƙungiyar Kinks reza ya sa ya tsaga ta wata 'yar ƙaramar amfilifaya a 1964. Dalilin shi ne tsirkiya in ka taɓa ta, sautin na tashi ne da ƙarfi ya mutu da wuri, amma in ka tura amfilifaya fiye da ƙarfinta sai ta aske kan igiyar sautin, mai ƙarfi ya sauko, mai rauni ya taso, sautin ya daɗe yana ja kamar murya, kuma wasu sautuka 'yan rakiya su haihu a samansa su cika shi. Yaya ya gyaɗa kai ya ce to ai sai ka ce min jitar ce take koyon waƙa. Mun ƙetare gadar kogin Tenesi ruwan ya ɗauke.

A Nashbil mun fara bi ta unguwar da ake ce wa Music Row, layi-layi ne na gidaje da aka mayar situdiyo da ofisoshin waƙa. A titi na 16 nan Quonset Hut take, situdiyon 'yan'uwan nan Bradley, yanzu an yi gini an lulluɓe ta ba ka ganinta daga waje. A cikinta ne wani layi na miksa, wato na'urar haɗa sautuka, ya samu matsala ana ɗaukar "Don't Worry" ta Marty Robbins wadda ta fito a 1961, jitar bas ɗin Grady Martin ta fito da zuuu kamar ƙudan zuma, aka bar shi a faifan. Mutane suka yi ta zuwa suna neman wannan sautin, sai injiniyan Glenn Snoddy ya haɗa 'yar na'ura da taransisto da za ta kwaikwayi lalacewar, kamfanin Gibson ya fitar da ita a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Ba ta yi kasuwa ba sai da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya taka ta a waƙar "Satisfaction" a 1965. Ba mu daɗe a nan ba, mota kawai muka tsayar na leƙa muka wuce, don inda zuciyata take shi ne gidan wani dattijo abokin aikin Yaya na da, wanda ya mayar da ɗakin ƙarƙashin gidansa situdiyo.

Dattijon bai ɓata lokaci ba. Ya miƙo min jitar Stratocaster ya ce in zaɓi ɗan kiɗa guda in riƙe shi, kada in canza komai a hannuna duk abin da zai yi. Ya jona ta a amfilifayar Fender Deluxe Reverb, muka jira kwalaben bawul ɗin suka yi zafi suka yi ja. Sautin ya fito garau, mai ƙyalli, kowace tsirkiya ana jin ta ita kaɗai, sai dai da na cire hannu akwai wani zzz a ƙasa, ya ce wannan wutar gida ce mai bugawa sau 60 a sakan, fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita, in mai naɗin waya ɗaya ne kwashe ta yake yi. Ya karɓa ya ba ni jitar Les Paul, fikof ɗinta naɗi biyu ne da ke soke zzz ɗin juna, ƙirar Seth Lover da aka fara sa wa Les Paul a 1957, sautin ya yi kauri, ƙyallin ya ragu, amfilifayar ta fara karyewa da wuri don an tura mata ƙarfi. Daga nan ya cire wayar ya kai ta kan amfilifayar Marshall da akwatin sifika huɗu rufaffe, ɗakin ya ɗauka har ina ji a ƙirjina. Yana dariya ya ce kar in manta Marshall ta farko ta 1962 daga tsarin Fender Bassman aka kwafo ta a Landan, bambancin kayan haɗi da sifikun Celestion ne suka mayar da ita wata halitta daban.

Duk wannan na ɗan san shi daga karatu. Abin da ya girgiza ni makirufo ne. Ya ɗauko SM57 na Shure, ɗan baƙin nan da kusan kowane situdiyo ke da shi, ya haska tocila a jikin yadin akwatin har muka ga da'irar sifikar, ya saita shi daidai tsakiya yana taɓa yadin, ya sa min hedifon ya ce kaɗa. Sai ga sauron nan nawa na cikin gwangwani, shi ɗin dai, tsiii mai soke kunne, wallahi sai da na tsaya na ce masa wannan shi ne ciwona shekara da shekaru. Bai ce komai ba, ya durƙusa ya tura makirufon gefe da faɗin yatsa biyu. Sauron ya tafi. Ya ƙara yatsa biyu zuwa bakin da'irar, sautin ya yi duhu ya yi nama. Ya ja shi baya kamar taki ɗaya, ƙasan sautin ya ragu iska ta shigo. Jita ɗaya, hannu ɗaya, ko maɓalli ɗaya ba a taɓa ba a jikin amfilifaya, amma in aka kunna maka huɗun nan a jere za ka rantse mutum huɗu ne. Ya ce kai kana jin amfilifayarka ne daga tsaye, nesa da ita, bayan bango da ƙasa sun tausasa ta, shi kuwa makirufo kunnensa a manne yake da wuri mafi kaifi, shi ya sa ba ku taɓa jin abu ɗaya ba.

Sannan ya yi abin da ban so ba da farko, ya rage kaushin amfilifayar kusan rabi. Na ce Baba ai zai yi rauni. Ya ce kaɗa dai, kuma ka kaɗa sau biyu. Na kaɗa, na sake kaɗawa daidai gwargwadon iyawata, ya tura ɗaya kunnen hagu ɗaya kunnen dama, sai ga bango ya miƙe a gabana, kuma 'yan bambance-bambancen da ke tsakanin kaɗawa biyun su ne suka ba shi faɗi, in kwafa ka yi ka liƙa ba za ka samu ba. Ya yanke ƙasan sautin jitar don ya bar wa bas wuri, da ya kunna ta ita kaɗai ta yi siririya har na ɓata fuska, da ya dawo da ganga da bas sai ta zauna daram ta fi da girma. Ya ce manyan faifai da yawa da ƙananan amfilifaya aka yi su, na farkon ƙungiyar Led Zeppelin da ya fito a 1969 jitar Telecaster ce da 'yar amfilifayar Supro a hannun Jimmy Page, mutane na ji suna zaton tulin Marshall ne. Na tambaye shi na'urorin kwamfuta irin su Kemper da ke kwaikwayon amfilifaya fa, ya ce yana da ita yana kuma aiki da ita kullum, amma in sani abin da take kwafa ya haɗa har da makirufo da inda wani ya ajiye shi, kunnen wani ne kake aro. Ni dai a nan na ɗan bambanta da masu zaginta, wanda ke ɗakin haya da maƙwabta ba shi da halin ƙure Marshall da tsakar dare, aron kunne ya fi babu.

Da za mu tafi ya yago ɗan farin salatif ya manna a yadin akwatin daidai inda makirufon ya tsaya a karo na biyu, ya ce haka yake yi wa kowace sifika in ya samo wurinta, ya yago wani ya liƙa min a bayan waya. Magariba ta yi muna kan I-40 mun juyo yamma, na jona wayar a rediyon motar na kunna ɗaukar farko mai sauro, Yaya ya yamutsa fuska ya kai hannu zai rage, na ce dakata Yaya, na kunna ta ƙarshe. Ya saurara har ta ƙare bai yi magana ba, muna daf da gadar kogin ya ce wai da gaske kai ne ka kaɗa wannan, sake sa min ita daga farko.