Lamba ɗaya, bashi biyu: yadda na gyara kundin abokan cinikinmu a Garwa

Kamfanin da nake wa aiki a Garwa na sarin kaya ne: shinkafa, sukari, man girki, sabulu, wani lokaci har siminti. Babban sitonmu yana Garwa, muna da rassa a Marwa da Ngaundere da Kusuri. Ni aikina kwamfuta ne, kuma a irin wurinmu wanda ya iya kwamfuta shi ne mai gyaran firinta, shi ne kuma ake kira idan lissafi ya ƙi fita. A haka maigida ya ɗora mini aikin tattara duk waɗanda muke hulɗa da su, masu saye da masu kawo kaya da masu motocin dako, a babban kundi guda wanda kowane reshe zai riƙa duba.

Kafin nan kowane reshe da nasa jerin. Mutum ɗaya sai ka same shi sau huɗu. Magatakardan Garwa ya rubuta Mohamadou, na Kusuri ya rubuta Mahamat yadda mutanen Chadi suke yi, yaron da ya yi karatu a Yola ya rubuta Muhammad, wani kuma ya taƙaita ya ce Hamadou. Laƙabin Alhaji ma bai tsira ba: Alhadji, El Hadj, Aladji, Alh. Ga "Ets" da ake maƙalawa a gaban sunan shago, wani da ɗigo, wani babu. Idan maigida ya tambaya nawa muke bin wane, sai an buga waya rassa uku, kuma amsa uku za a samu.

Na yi wata guda ina gwada suna da suna, na gane wahalar banza nake yi. Suna ba ya raba mutane a ƙasarmu. Abin da nake buƙata shi ne alamar da wata hukuma ta waje ta riga ta ba kowa, wadda ba ta canzawa da hannun mai rubutu.

Irin wannan alama akwai ta. A Kamaru duk mai biyan haraji yana da lambar da ake kira NIU, daga Babbar Hukumar Haraji. Gurbi 14 ne: harafi a farko, lambobi 12, harafi a ƙarshe. Idan ta fara da P ta mutum ce shi kaɗai, idan da M ta kamfani ce. Hukumar kuma tana fitar da jerin masu biyan haraji da ke kan aiki, ana iya sauke shi daga shafinta na intanet. Sai rajistar kasuwanci, RCCM, wadda take ƙarƙashin dokokin OHADA, yarjejeniyar daidaita dokokin kasuwanci da aka sa wa hannu a 1993, kuma yau ƙasashe 17 ke cikinta har da Kamaru da Chadi. Abokan cinikinmu na Njamena suna da RCCM kamar mu, amma lambar harajinsu NIF ce. Na Mubi da Yola kuwa nasu daban ne gaba ɗaya, domin Najeriya ba ta cikin OHADA, lambar rajistarsu daga hukumar CAC take.

Wani masani da aka gayyato daga Duwala ya ba da shawarar mu ƙara da lambar D-U-N-S mai gurbi 9 da LEI mai gurbi 20, waɗanda manyan kamfanonin duniya ke gane juna da su. Na buɗe musu gurbi don kada a ce na ƙi jin magana. Har yau kusan fanko suke, ban da 'yan manyan kamfanonin da muke sayen kaya a wurinsu. Mai shago a kasuwar Pitowa ba shi da abin da zai yi da LEI.

Aikin farko da ya ci mini lokaci ba ma shi ne na zata ba. Gurbin ƙasa ne. Tsofaffin katunan abokan cinikinmu ba su da shi, don kowa ya san Kusuri a Kamaru take, Njamena kuma tsallaken gadar Ngeli. Amma kwamfuta ba ta san haka ba. A 2014 aka mayar da lambobin wayar Kamaru gurbi 9, aka ƙara 6 a gaban na salula. Mu kuwa muna da ɗaruruwan tsofaffin lambobi masu gurbi 8. Na rubuta ƙa'ida mai sauƙi: duk lamba mai gurbi 8, a sa mata 6. Allah ya taimake ni na duba sakamakon kafin in adana. Lambobin Chadi ma gurbi 8 ne, kuma wadda ta fara da 99 tana iya zama tsohuwar lambar Kamaru, tana iya zama ta Chadi mai aiki a yau. Da na lalata wayoyin duk mutanenmu na tsallake. Dole na koma na cika ƙasar kowa tukuna, CM ko TD ko NG bisa tsarin ISO na taƙaita sunayen ƙasashe, sannan kowace ƙa'ida ta fara tambayar ƙasa kafin ta taɓa komai. NIU sai ga CM, NIF sai ga TD, 237 ko 235 ko 234 a gaban waya. Har harajin TVA da ake ɗorawa a kan farashin kaya ya bi wannan layi, tunda kowace ƙasa da nata dokar haraji.

Lambar asusun banki ma ta koya mini hankali. A yankinmu gurbi 23 ce: 5 na banki, 5 na reshe, 11 na asusu, 2 na ƙarshe kuma makulli ne da ake samu ta lissafin rabawa da 97. Excel kuwa ba ya riƙe fiye da lambobi 15 daidai idan ya ɗauki abu a matsayin adadi, sauran sai ya mayar da su sifiri, kuma ya cinye sifirin farko. Wani ya taɓa buɗe jerin masu kawo mana kaya ya adana shi haka, ba wanda ya lura. Da na sa lissafin makullin a kan kundin, sai ga asusu bayan asusu suna faɗuwa. Mun koma ga takardun banki na asali da ke cikin kwali a ofishin akanta, muka sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya a matsayin rubutu.

Duk wannan ƙananan abubuwa ne idan aka kwatanta da abin da na jawo da kaina.

Da na ga NIU tana aiki, sai na saki jiki da ita. Na sa ƙa'ida cewa duk kati biyu masu NIU ɗaya mutum ɗaya ne, a haɗe su, a tara bashinsu, a ɗauki sunan da ke jerin hukuma a goge namu. Na saki ƙa'idar da daddare ranar Lahadi, na tafi gida ina jin na yi abin kirki.

Litinin da sassafe, ban ko karya ba, wayar maigida ta shigo.

"Malam, me ka yi wa na'urar nan? Motar Alhaji na Kusuri an gama lodi tun asuba, an ce ba za ta fita ba."

"Ranka ya daɗe, bari in duba."

"Duba da sauri. Mutumin nan tun zamanin mahaifina yake sayen kaya a gidan nan."

Na duba. Alhajin yana da ƙani a Marwa mai nasa shagon, da nasa jarin, da nasa bashin a wurinmu. Amma shekarun baya, da aka nemi takardar haraji a reshen Marwa, ƙanin ya kawo ta yayansa, magatakarda kuma ya rubuta ba tare da tambaya ba. Ƙa'idata ta ga lamba ɗaya, ta ɗora bashin ƙani a kan wa, jimillar ta haura iyakar bashin da aka yarje wa Alhaji, na'ura ta rufe takardar fitar da kaya. Direba yana zaune a ƙofar sito, hanyar Mora zuwa Kusuri kuwa ba wadda ake so dare ya riske ka a kai ba ce.

Abin da ya fi tsayawar motar muni shi ne takardar da reshe ya nuna wa Alhaji don ya ga dalili. A ciki ya ga bashin ƙaninsa, wanda bai san da shi ba. Na tona asirin mutum a gaban yayansa. Maigida ya sa ni na kira shi da kaina.

"Baba, ni ne na yi kuskuren, ba reshe ba. A yi haƙuri."

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Yaro, uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma aljihu kowa da nasa. Gaya wa na'urarka haka."

Warware haɗin ya ɗauke ni kwana uku, kuma da ban ajiye kwafin kundin na ranar Asabar ba, da ban san inda zan kama ba, domin ƙa'idar ta goge tsofaffin lambobin katunan. Da na bi sauran da ta haɗe, na tarar ba su kaɗai ba ne. Akwai uba da 'ya'ya, akwai maigida da yaran shagonsa da ya sallama suka buɗe nasu amma suna cin gajiyar takardarsa, akwai kuma kamfani ɗaya na gaske mai shaguna uku da kowanne yake biyan kuɗinsa daban. NIU tana faɗa mini wanda hukuma ta sani a matsayin mai biyan haraji. Wanda zan bi bashi ranar Juma'a kuwa, magatakardan reshe ne ya san shi.

Daga nan na sake ginin. Yanzu kundin hawa biyu ne. A sama akwai mai lambar haraji, a ƙarƙashinsa asusun ciniki, ɗaya ko biyar, kowanne da bashinsa da iyakarsa da wayarsa. Na'ura ba ta haɗe kowa da kanta. Idan ta ga lamba ɗaya a kati biyu, ko suna da waya sun yi kama, sai ta jera su a gaban mutum, shugaban reshe ya ce e ko a'a, kuma sunansa ya zauna a kan hukuncin. Ko an haɗe, tsohuwar lambar kati tana nan, ana iya komawa. Waɗanda ke amfani da takardar wani kuwa, akanta ta bi su a hankali har kowa ya yi tasa, tunda takardar kuɗin da muke bayarwa dole ta ɗauki lambar mai sayen na gaskiya.

Na kuma daina barin bayanin waje ya hau kan namu. Suna gurbi biyu ne: sunan hukuma, wanda ke fita a takardar kuɗi, da sunan kasuwa, wanda direba zai tambaya a nuna masa shago. Adireshi ma haka. A takarda za ka ga akwatin gidan waya da sunan gari, mu kuma abin da ke kai kaya shi ne "bayan babban masallaci, layin masu goro, shago na uku". Muka zauna da akanta da shugabannin rassa muka bi gurbi-gurbi muna yanke wanda ke da maganar ƙarshe. Sunan hukuma da matsayin haraji na jerin hukuma ne. Asusun banki sai da takardar banki, kuma mutum biyu ne ke amincewa da canjinsa, don nan ne ɓarawo ke shiga. Waya da kwatance na reshe ne. Iyakar bashi ta maigida ce shi kaɗai. Wannan zaman na yini ɗaya ya fi duk abin da na rubuta a kwamfuta amfani, kuma da shi ya kamata in fara.

Kowane bayani da ya shigo daga waje yanzu yana ɗauke da inda ya fito da ranar da aka ɗauko shi. Dalili kuwa, jerin masu biyan haraji yana canzawa. Mutum yana ciki wannan karon, wani karon babu shi, wataƙila ya makara wajen kai bayaninsa ne kawai. Abin ya shafe mu kai tsaye, domin kason harajin da doka ta ce mu karɓa daga mai sarin kaya mu miƙa wa hukuma ya danganta da matsayinsa. Idan masu bincike suka zo bayan shekara biyu suka tambayi dalilin da muka caji wane kaza, amsar ita ce jerin da ke hannunmu a ranar cinikin. Saboda haka ba na goge tsohon jeri, ina ajiye kowanne da kwanan watansa. Wanda ya ɓace daga jerin kuma ba a rufe masa ciniki, alama ce ke tashi a teburin akanta ta kira shi.

Akwai jeri ɗaya da na bari a ƙarshe don yana da nauyi: na takunkumin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka sa Boko Haram a ciki a watan Mayun 2014. Mu da ke kai kaya kusa da iyaka ba mu da zaɓi, dole a duba. Gwajin farko da suna kawai ya tayar da alama a kan mutane da yawa, duk mai suna Abubakar ko Muhammadu ya zama abin tuhuma, har da tsohon da ke kawo mana buhunan banza. Na gyara shi ya riƙa neman ƙarin shaida, kamar ranar haihuwa da ƙasa, kuma sakamakon ba ya fita a allon reshe. Mutum biyu ne kawai ke ganinsa. Bayan abin da ya faru da Alhaji, ba zan sake barin na'ura ta faɗi magana a kan mutum a gaban jama'a ba.

Ɓangaren Chadi har yanzu da hannu muke yinsa. Mai saye ya kawo takardar NIF da ta RCCM, reshen Kusuri ya ɗauki hotonsu, a rubuta ranar da aka gani da wanda ya gani, bayan shekara na'ura ta tuna mana a sake nema. Ƙanin Alhaji ya yi tasa NIU a Marwa, katinsa ya koma ƙarƙashin sunansa. Alhaji kuwa duk ranar da ya zo Garwa sai ya leƙo ofishina ya tambaya ko na'urata ta ƙara aurar masa da bashin wani.