Abin da littafin awo ya koya mini

Shekarata ta farko a shagon ɗinki ban taɓa almakashi ba sai don yanke zare. Hajiyar da na koyi sana'a a hannunta ta ɗora ni kan guga da kalmasa da sa zif, sannan ta damƙa mini littafin awo. Ita ke riƙe da tef, ni ke rubutawa: kafaɗa, ƙirji, ciki, ƙugu, tsawon hannu, tsawon riga. Haushi nake ji a lokacin, don ni keke na zo hawa. Sai da aka jima na gane a cikin littafin nan karatun yake. Mata biyu za su zo da ƙirji inci 40 kowacce, amma kafaɗar ɗaya 14, ta ɗayar 17. Wata tsawonta duk a ƙafa yake, wata a gangar jiki. Ɗinki ɗaya ba zai taɓa zama musu iri ɗaya ba, ko da tela ɗaya ya yanka.

Sanin wannan a takarda daban, aiki da shi daban. A azumin shekarata ta biyu, ana saura kwana goma Sallah, ɗinki ya taru har ba wurin ajiye ƙafa, sai Hajiya ta bar mini wata baiwar Allah in ji da ita. Ta zo da turmin atamfa mai manyan furanni, kowanne ya kai faranti, da hoto a waya da ta ciro daga Instagram: 'yar riga mai tattara a ƙugu da siket matsattse. Wadda ke cikin hoton doguwa ce siririya. Mai kayan kuwa gajera ce, mai cikar ƙirji da ƙugu. Na ga bambancin sarai, amma ɗokin an ba ni yanka ya rufe mini baki. Na ce, "Anti, an gama."

Kwana uku na yi a kai, har da na dare bayan asham, kuma ɗinkin ya fito kamar hoton. Ranar gwaji ne ido ya raina fata. Tattarar ta sauka daidai inda jikinta ya fi faɗi, ta ƙara mata wani faɗin. Inda riga ta ƙare siket ya fara ya raba ta gida biyu, ɗan tsawon da take da shi ya ɓace. Furen gaban rigar na tsaga shi wajen yanka, rabi ya hau sama, rabi ya yi ƙasa. Da ta zauna a benci sai muka ji zare ya ce ɓat. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni ta madubi ta ce, "'Yar nan, ke da kika gan ni, haka kika ga ya dace da ni?" Har yau na fi jin zafin wannan tambayar a kan a ce zagina ta yi.

Turmin atamfa yadi shida ne, in an yanka an yanka. Hajiya ta aika Kantin Kwari aka sayo wani, ta riƙa cire kuɗin a ɗan abin da take ba ni har bayan Babbar Sallah. Amma ta ce in zauna in ga yadda za ta yi. Ba da tef ta fara ba. Ta ce wa matar ta taka zuwa bakin ƙofa ta dawo, ta zauna, ta miƙe, ta ɗaga hannu kamar mai kabbara, ta sunkuya. Sai tambayoyi: ina za ki da kayan, idi ko gidan biki? A mota kike fita ko adaidaita sahu? Kina shayarwa? Gyale kike yafawa ko hijabi? Sannan ta auna. Ta ɗinka mata doguwar riga guda, an kama ta kaɗan a ƙasan ƙirji, daga nan ta sake a hankali har ƙasa, wuyan ya ɗan sauko da tsini, zanen atamfar ƙanana kuma an jera su a tsaye. Matar ta sa, sai ka ce an ƙara mata tsawo.

Daga ranar na fara kallon yadi kamar mai hali. Shadda, musamman mai maiƙo irin Getzner da ake kawowa daga Ostiriya, tsayawa take da kanta, ba ta bin jiki. Siririya in ta sa sai ta cika ido, mai jiki kuwa in aka haɗa mata da tattara sai ta zama kamar an kifa kwando. Leshi yana da nauyi, ga shafi a ciki, don haka awon da ya yi daidai a atamfa zai matse a leshi in ba a bar sarari ba. Yadi mai santsi ba ya rufa wa kowa asiri, duk inda jiki ya lanƙwasa sai ya nuna. Ita kanta atamfar ba ɗaya ba ce: 'yar Holan da laushinta take zuwa, mai araha kuwa sitaci ne ke riƙe da ita, wankin farko ta saki ta ɗan shiga. Wanda ya yanka ta cif-cif tun tana sabuwa, zai ga mai kaya ta dawo.

Abin kunyar shi ne, duk wannan karatun a jikin mutane nake yi, nawa jikin ban taɓa aunawa ba. Ni ma gajera ce, kafaɗata ƙarama, ƙuguna da faɗi. Tun ina 'yammata bubu nake zumbulawa, mafi girman da na samu, wai ina ɓoye ƙiba. Wata rana da la'asar an ɗauke wuta muna zaune, Hajiya ta ce, "Tashi in auna ki." Ta kira lambobin, ni na rubuta da hannuna a shafin ƙarshe. Ɗinkin kafaɗar bubun da ke jikina ya zarce kafaɗata da inci uku, shi ya sa kullum nake kamar wadda ta ari kayan yayarta. Cikina kuwa bai kai yadda nake zato ba ko kusa. Ashe shekaru na yi ina ɓoye abin da babu.

Ban bar bubu ba, ina sonta, kuma a zafin Kano na watan Afrilu ba ta da na biyu. Sai dai yanzu kafaɗarta a kan kafaɗata take zama, faɗinta kuma na rage. Riga da zani in zan sa, rigar ba ta tsayawa a tsakiyar ƙugu, ko ta ƙare a samansa ko ta wuce shi sosai. Manyan furanni na bar wa dogaye, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ɗankwali nakan ɗan ɗaga ɗaurinsa. Har mayafi sai da na sake tunani a kansa, don mu a waje shi ake gani kafin riga: in launinsa ya yi kusa da na kayan, ido yana sauka daga kai har ƙafa ba tare da tsayawa ba, in kuwa ya sha bamban sai ya yanke mutum a inda ya ƙare.

Maza sun huta da rabin wannan, babbar riga tana ɗaukar mai tumbi da marar tumbi. Ko da yake a kaftani su ma asirinsu tonuwa yake, in tela ya auna ƙirji ya manta da ciki sai gaban rigar ya ɗage.

Yanzu ina da nawa shagon da yara biyu masu koyo, kuma hotunan waya ba su daina zuwa ba. Ba na ce wa kowa abin da take so ba zai yi mata kyau ba, mace ba ta manta irin wannan maganar. Nakan tambaye ta me ya burge ta a hoton. Sau da yawa hannun ne kawai, ko wuyan, ko launin. Sai mu ɗauki wannan mu ɗora a kan yankan da ya karɓi jikinta. Wasu sukan kafe sai irin na hoton sak, in yi musu, amma bayan na faɗi abin da na gani.

Makon jiya ƙaramar cikin yaran ta zo tana ƙorafi, wata takwas ke nan rubuta awo kawai take yi. Na ce ta buɗe shafin ƙarshe ta miƙe tsaye, na ɗauko tef.